Yusufu, Wanda 'Yan'uwansa Suka Sayar

Ɗan'uwa mai karatu, ka san zafin ƙiyayyar 'yan uba? Yusufu ɗan Yakubu ya sha ta. Yana shekara 17 yayyensa suka jefa shi cikin busasshiyar rijiya, kāna suka sayar da shi ga fatake a bakin azurfa 20. A Masar ya yi bauta gidan Fotifar, uwargida ta yi masa ƙazafi, aka sa shi kurkuku. Amma Ubangiji yana tare da shi.

Yana shekara 30 ya fassara mafarkin Fir'auna: shekara 7 na ƙoshi, 7 na yunwa. Aka ba shi riƙon ƙasa, ya tara hatsi tuli. Kai manomi, ka san darajar rumbu ran da damana ta ƙi.

Yunwa ta koro yayyensa, suka durƙusa gabansa ba su gane shi ba. Ga wuƙa ga nama a hannunsa. Ya gwada su da tsanani, amma daga bisani ya rungume su da kuka, gama ya gane Allah ne ya aike shi gaba domin ceton rayuka. Ya zaunar da su a Goshen, ya ciyar da su da 'ya'yansu. A Masar ya rasu, yana shekara 110.