ROBERT-HOUDIN: Mai gyaran agogon da Faransa ta tura ya kara da malaman Aljeriya

 Yau ba sarki muka ɗauko ba, ba kuma malami ba, ɗan dabo ne Bafaranshe. Dalili kuwa shi ne gardamar da ba ta ƙarewa a majalisun shayi na unguwarmu ta Briqueterie a nan Yawunde, duk lokacin da aka ce ga wani ya bar kuɗin cefanensa wajen masu karta uku a bakin kasuwa ko tashar mota. Wasu su ce asiri ne, wasu su ce aljanu ke juya kartar. Mutumin da za mu ba da tarihinsa ya amsa wannan gardama tun shekaru fiye da 160 da suka wuce.

An haifi Jean-Eugène Robert a watan Disamba na 1805 a garin Blois na ƙasar Faransa. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, ya kuma tura shi makaranta a Orléans da burin ya yi aikin shari'a, amma zuciyar yaron na wajen ƙarafa, har aka haƙura aka bar shi ya koyi sana'ar gidansu. Kamar yadda ya bayar da labari da kansa, wata rana ya je sayen littafin koyon haɗa agogo, sai mai kantin ya yi kuskure ya naɗe masa littattafai biyu na wasannin rufa-ido. Bai mayar ba.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne irin wahalar da ya sha kafin hannunsa ya faɗa. Ya koyi cilla ƙwallaye sama yana cafewa yayin da idonsa ke kan littafi yana karatu, don yatsu su saba aiki ba tare da ido ya taimake su ba. Yakan kuma zuba hannuwa cikin manyan aljifan rigarsa yana juya karta da kwabbai, alhali mutane na ganin tafiyarsa kawai yake yi. A 1830 ya auri 'yar wani mai haɗa agogo na birnin Paris mai suna Houdin, ya kuma haɗa sunan surukan da nasa, ya zama Robert-Houdin.

Ranar 3 ga Yuli, 1845 ya buɗe ɗan ƙaramin gidan wasa mai kujeru kimanin 200 a Palais-Royal da ke Paris. Yawancin 'yan dabon kasuwa na lokacin kan sa doguwar riga mai faɗin hannu, su yi shigar bokaye. Shi kuwa sai ya fito cikin kwat irin ta masu zuwa kallo. Da juyin juya halin 1848 ya rufe harkoki a Paris, ya ƙetara Ingila, inda ya yi wasa har a gaban Sarauniya Victoria.

To, mene ne sirrin karta? A littattafansa ya bayyana shi dalla-dalla, kuma babu aljani ko ɗaya a ciki. Ginshiƙin abin shi ne kada ɗan dabo ya taɓa rasa inda kartar da ka zaɓa take. Idan ka mayar da ita tsakiya, ƙaramin yatsansa na riƙe da 'yar kafa a wurin, sa'annan cikin ƙiftawar ido, hannu ɗaya na kare ɗayan, sai ya sauya rabin ƙasa ya koma sama. Kartarka ta dawo kan gaba ke nan, kai kuwa kana rantsuwa tana tsakiya. Da wannan dabarar ce ɗan caca ke warware yankan da abokin wasansa ya yi. Akwai lalen ƙarya, inda za ka ga ana ta cuɗa karta amma na sama ba su motsa ba. Akwai ɓoye karta a tafin hannu, da raba ta biyu a bar ta farko. Akwai kuma wadda ta fi ba mu mamaki, wato tilasta zaɓi: yana baza kartar yana tura ta a hankali, daidai lokacin da yatsanka ya iso, wadda yake so ce ke ƙarƙashinsa. Kai a ganinka son ranka ka bi.

Saboda wannan sani, alƙalai kan neme shi. Ya ba da labarin cewa a 1849 an kawo masa ƙunshin karta 150 da aka kama a hannun wani da ake zargi. Ya yi kusan mako biyu yana dubawa bai ga komai ba, har ya gaji ya wurga wani ƙunshi kan tebur. Daga nesa sai ya hango wani ɗan ɗigo a bayan kartar, wanda ba a ganinsa idan an matso kusa. Inda ɗigon yake shi ke gaya wa ɗan cacar ko wace karta ce. A 1861 ya fitar da littafi sukutum a kan maguɗin 'yan caca, don jama'a su daina faɗawa hannunsu.

Sai dai akwai wani babi na rayuwarsa da ba za mu yaba ba. A 1856, bayan ya riga ya yi ritaya, hukumar mulkin mallakar Faransa a Aljeriya, ta hannun Kanar de Neveu, ta gayyace shi. Turawan na ganin shehunnai da malaman da suke kira marabu su ne ke zuga jama'a su yi bore, don haka suka so a nuna wa shugabannin ƙabilu cewa sihirin Faransa ya fi ƙarfi. A ƙarshen Oktoba ya hau dandali a birnin Aljiyas. Ya ajiye wani ɗan akwati, ya kira wani ƙaƙƙarfa ya ɗaga, ya ɗaga ba wuya. Sai ya ce ya zare masa ƙarfi, mutumin ya yi ta nishi akwati ya ƙi motsi. Gindin akwatin ƙarfe ne, a ƙarƙashin dandalin kuma akwai maganaɗisu mai aiki da lantarki, abin da ko a Turai ba kowa ya san shi ba a lokacin. Daga ƙarshe aka sakar wa bawan Allah lantarki a hannu, ya fice a guje.

Ya kuma ce daga baya, a wani ƙauye, wani malami ya ƙalubalance shi da a harbe shi da bindigar malamin. Ya nemi a bari sai da safe, da dare ya haɗa harsashin kakin zuma da ya shafa wa baƙi ya yi kama da dalma. Wajen ɗura bindiga ya musanya, irin musanyar da yake yi wa karta, aka harba, ya nuna harsashin gaske a tsakanin haƙoransa.

Kusan duk wannan daga littafin tarihin rayuwarsa na 1858 aka samo shi, kuma masana sun nuna cewa ya ƙara gishiri a wurare da dama na littafin. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne dabo bai kwantar da Aljeriya ba. A 1857 sai da Faransa ta tura dubban sojoji yankin Kabiliya kafin ta kama Lalla Fatma N'Soumer, a watan Maris na 1871 kuma babban boren Mokrani ya ɓarke. A ganinmu, raini ne ya sa Turawan suka ɗauka mutanen da aka ƙwace wa ƙasa da gonaki suna yaƙi ne saboda an rufe masu ido.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo da baƙin ciki. Ɗansa Eugène, hafsan soja, ya mutu a 1870 sakamakon raunin da ya samu a yaƙin Faransa da Furusiya. Shi kuma ya mutu ranar 13 ga Yuni, 1871 a gidansa da ke kusa da Blois, yana da shekara 65. Georges Méliès, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara shirya fim a duniya, ya sayi gidan wasansa a 1888. Wani yaro ɗan Amurka mai suna Ehrich Weiss ya karanta tarihinsa, ya ari sunansa ya zama Houdini, sa'annan a 1908 ya rubuta littafi yana zarginsa da satar dabarun magabata. Tun 1998 akwai gidan tarihin dabo mai ɗauke da sunansa a Blois, daura da tsohuwar fadar sarakunan Faransa.