Gambo Sawaba: Marainiyar Sabon Gari da kurkuku ya kasa rufe wa baki

A ranar 15 ga Fabrairu, 1933 aka haifi Hajaratu, wadda aka yi wa laƙabi da Gambo saboda ta biyo bayan tagwaye. Mahaifinta, Isa Amarteifio, mutumin ƙasar Gana ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo Zariya, inda ya musulunta ya zauna. Mahaifiyarta, Fatima, Banufiya ce. Gambo ta tashi a Sabon Gari, unguwar da layin dogo ya tara wa baƙi daga kowace kusurwa.

Ta fara karatu a makarantar En'e ta Tudun Wada, amma bai yi nisa ba. Mahaifinta ya rasu a 1943, tana da shekara 10, bayan shekara uku mahaifiyar ta bi shi. Tana da shekara 13 aka aurar da ita ga wani tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya tafi ya bar ta da juna biyu, bai sake waiwayowa ba. Kafin ta mallaki hankalin kanta ta riga ta ɗanɗana maraici da auren wuri da yankewar karatu, abubuwan da ta ƙare rayuwarta tana yaƙa.

Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, Gambo tana da shekara 17. Ta shiga reshen Zariya a lokacin da ɗan NEPU ke kwana da shirin shiga hannun 'yan doka, ba a jima ba ta zama shugabar mata ta Sabon Gari. Daga kirarin jam'iyyar ne sunan Sawaba ya bi ta. Ta yi tattaki har Abekuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti, ta ga yadda matan can suka haɗa kai suka ƙalubalanci haraji.

A zamanin, kotunan alƙalai da 'yan doka suna hannun En'e, gidan rediyo da talabijin na Kaduna da aka buɗe a 1962 kuwa na gwamnatin Jihar Arewa ne. Ɗan adawa ya fi dogaro da dandalin lacca da bin gida-gida wajen isar da saƙo. Nan Gambo ta yi zarra, domin tana shiga wurin matan kulle, inda maza 'yan siyasa ba su da iko su taka. Irin wannan aiki ne ya sa aka kama ta a Kano a farkon shekarun 1950, aka ɗaure ta, daga baya aka kore ta daga birnin. Jimilla an ɗaure ta sau 16, ban da dukan da ta sha a hannun 'yan banga.

Babbar buƙatarta ita ce macen Arewa ta yi zaɓe. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa suna kallo. Sai a 1976 aka ba su wannan dama, suka kuma shiga babban zaɓen 1979. A Jamhuriya ta Biyu Gambo ta koma GNPP ta Waziri Ibrahim, inda ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jam'iyya.

Ta rasu a Zariya cikin Oktoban 2001, tana da shekara 68. A yau babban asibitin Ƙofar Gayan yana ɗauke da sunanta, haka ma wani ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano.

Ƙuri'ar da ta sha ɗauri dominta ta samu, kujerun ne suka gagara. A Maris ɗin 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar na bunƙasa haƙƙin mata, ciki har da na ware musu kujeru. Har yanzu babu jihar da ta taɓa zaɓen mace gwamna a Najeriya.