Roger Revelle: Mutumin Da Ya Ce Teku Ba Za Ta Shanye Hayaƙinmu Duka Ba

Daga Wakilinmu na Abuja

Jama'armu mazauna Ikko, kullum kuna ganin teku, to ga labarin wani da ya ƙare rayuwarsa a kanta. An haifi Roger Revelle a Seattle ta Amurka ran 7 ga Maris 1909. Ilmin duwatsu ya fara karantawa, daga baya ya koma na teku, ya sami digirin dakta a 1936. Ya yi aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, sa'an nan ya shugabanci makarantar binciken teku ta Scripps a Kalifoniya har 1964.

A zamaninsa masana da yawa sun saki jiki. Sun ɗauka iskar kabon, watau wadda ke fita in an ƙone fetur ko kwal ko itace, teku za ta shanye ta. A 1957 shi da abokin aikinsa Hans Suess suka rubuta takarda mai nuna cewa ruwan saman teku yakan mayar da mafi yawan iskar da ya sha, saboda gishirin da ke cikinsa yana da iyakar abin da zai riƙe. Bai tsaya nan ba. Ya ɗauko wani saurayi, Charles Keeling, wanda ya fara awo a kan dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958. A lokacin kabon kashi 315 ne cikin miliyan, yanzu ya haura 420.

Tekun sanyi kuwa nan ne maganar take. Ruwa mai sanyi ya fi riƙe iska, kamar yadda kwalbar lemo mai sanyi ta fi mai zafi riƙe kumfarta. Don haka tekun da ta kewaye Antatika ita ke shan kaso mai tsoka na abin da tekuna ke ɗauka, su kuwa tekunan duka wajen rubu'in hayaƙin da muke fitarwa suke sha. In guguwa ta taso, igiyar ruwa takan fashe, kumfa ta tura iska cikin ruwa, musaya ta yi sauri. Amma guguwar nan takan kuma dama teku kamar fura, ta taso da ruwan ƙasa wanda ya daɗe maƙare da kabon, sai teku ta amayar da shi sama. Masana daga Afirka ta Kudu da Suwidin sun tabbatar da haka a 2022 da na'urori marasa matuƙi.

Kada wani ya ce ina ruwan Bahaushe da ƙanƙara. Abin da teku ta ƙi sha shi ke zama a sama yana ɗumama duniya. Duk wanda ya kwana a hanyar Lokoja zuwa Abuja lokacin ambaliyar 2022 ya ga irin aikin, don masana sun ce ɗumamar ta ƙara wa ruwan shekarar ƙarfi.

Revelle bai sami duk abin da ya nema ba. Shi ya yi faɗi-tashin kafa jami'ar Kalifoniya ta San Diego a 1960, amma da aka zo naɗa shugaba sai aka ba wani. A ganina an yi masa rashin adalci. Ya koma Harvard a 1964, inda cikin ɗalibansa har da Al Gore, wanda ya zama mataimakin shugaban Amurka. Ya rasu ran 15 ga Yuli 1991, yana da shekara 82.