Ibn Sina da sharuɗɗan yarda da magani

An haifi Abu Ali Husaini bin Abdullahi bin Sina a shekara ta 370 bayan Hijira, wato 980 Miladiyya, a ƙauyen Afshana da ke kusa da Bukhara. Ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara goma. Bai cika ashirin ba ya yi wa Sarkin Bukhara, Nuhu bin Mansur, magani, sarkin kuwa ya buɗe masa ɗakin littattafan fada.

Abin da ya sa muka waiwaye shi yau shi ne wani babi a juzu'i na biyu na littafinsa Al-Ƙanun fit Ɗibb, inda ya kafa sharuɗɗa bakwai kafin a yarda cewa magani yana aiki. Daga cikinsu: a gwada shi a kan cuta guda wadda ba ta cuɗanya da wata ba, a fara da kaɗan sannan a ƙara, a lura da lokacin da tasirinsa ya bayyana, kuma a ga amfaninsa kullum ko a mafi yawan lokuta, domin dacewar sau ɗaya ba hujja ba ce. Ya kuma yi gargaɗi cewa jikin zaki ko doki daban yake da na ɗan Adam. Maganin daji da ake ƙara wa majinyaci ta jijiya, da gashin da ake yi da na'ura, ta irin wannan siraɗi suke bi a yau: mataki mataki, a kan mutanen da suka amince, ana kwatanta sabuwar hanya da tsohuwa. Sai mu auna wannan da mai tallar da ke kafa hujja da labarin mutum guda da ya warke.

Game da ciwon daji, wanda Larabawa ke kira saraɗan, bai ruɗi kowa ba. Ya bayyana cewa tun yana ƙarami ake sa ran cire shi, tare da jijiyoyin da ke shayar da shi. Idan ya yi saiwa, aikin likita shi ne hana shi yaɗuwa da fashewa. Har ya kawo labarin wata mata da aka yanke wa nono guda, ciwon ya ɓulla a ɗayan. Gida nawa ne cikinmu ake ɓoye ƙari saboda kunya, har lokacin nan na farko ya wuce?

Ba mu manta ba cewa Imamul Gazali ya yi masa raddi mai zafi a Tahafutul Falasifa kan mas'aloli na aƙida, kuma a nan muna tare da Gazali. Likitancinsa muke ɗauka.

Ciwon ciki ya kama shi, maganin da ya yi wa kansa bai yi ba. Ibn Khallikan ya ruwaito cewa ya yi sadaka da dukiyarsa, ya 'yanta bayinsa, yana sauke Alƙur'ani duk kwana uku. Ya rasu a Hamadan cikin Ramadan na shekara ta 428.