Lord Kelvin: Malamin da ya nuna cewa ana iya kwashe zafi kamar kaya

Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya mai zurfi a Jega ko Maiyama ya san wani abu da ba a faye tambayar dalilinsa ba. Da asubahin hunturu ruwan yakan fito da ɗumi, a tsakiyar bazara kuwa ya fito da sanyi. Ba ruwan ne ke sauyawa ba, iskar waje ce ke hawa da sauka, domin mitoci kaɗan a ƙarƙashin ƙasa zafi yakan tsaya kusan wuri guda duk shekara. A kan wannan ne aka gina na'urar da ke ɗumama gidaje ko sanyaya su ta bututun da aka binne a ƙasa. Mutumin da ya shimfiɗa lissafin da na'urar ta dogara da shi ya rasu tun 1907.

An haifi William Thomson a Belfast ta tsibirin Ailan ranar 26 ga Yuni, 1824. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara shida, sai mahaifinsa, malamin lissafi, ya riƙa koyar da shi a gida. A 1832 uban ya samu kujerar farfesa a Jami'ar Glasgow ta Sikotland, kuma yaron ya fara halartar darussa a can yana da shekara goma. Yana ɗan shekara 16 ya karanta littafin Bafaranshen nan Joseph Fourier a kan yadda zafi ke ratsa abubuwa, littafin da ya bi shi har tsufansa. Ya kammala karatu a Cambridge a 1845, shekara guda bayan haka Glasgow ta naɗa shi farfesa yana da shekara 22. Shekara 53 ya yi a kan kujerar.

A 1848 ya gabatar da ma'aunin zafi da ke farawa daga ƙarshen sanyi, wajen digiri 273 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. Shi ne ma'aunin da ke ɗauke da sunan Kelvin a yau. Shi da Bajamushe Rudolf Clausius ne suka tsara ƙa'idar da ke cewa zafi ba ya tashi da kansa daga wuri mai sanyi zuwa mai zafi, kamar yadda ruwa ba ya hawa tudu sai an tura shi. A 1852 Thomson ya fitar da amfanin ƙa'idar a wata maƙala kan ɗumama gine-gine da sanyaya su. Ya nuna cewa maimakon a ƙona gawayi don samar da zafi, ana iya amfani da inji a kwaso zafin da ke waje a shigo da shi ɗaki, ko a kwashe na ɗaki a fitar, da ƙarfin da bai kai na ƙonawar ba.

Bai gina na'urar da kansa ba. Peter von Rittinger ya gwada irinta a aikin gishiri a Ostiriya cikin shekarun 1850, Heinrich Zoelly ya yi rajistar fasahar jan zafi daga ƙasa a 1912, sannan Ba'amurke Robert Webber ya haɗa wadda ta yi aiki a gidansa a ƙarshen shekarun 1940. Na'urar zamani takan kwashe zafin da ya ninka lantarkin da ta sha sau uku zuwa biyar.

Shahararsa a idon jama'a ta zo ne daga wayar tangaraho da aka shimfiɗa a ƙarƙashin tekun Atlantika. Ta 1858 ta lalace cikin 'yan makonni, bayan babban ma'aikacin lantarkin kamfanin ya tura mata wuta mai ƙarfi saɓanin hanyar da Thomson ya fifita. Ta 1866 ta yi nasara, Sarauniya Victoria ta karrama shi, na'urorin da ya ƙirƙira kuma suka mai da shi attajiri.

Gwani ma yakan yi tuntuɓe. A 1862 ya yi amfani da yadda zafi ke ƙaruwa idan ana nutsawa cikin ƙasa ya ƙiyasta cewa shekarun duniya tsakanin miliyan 20 ne da miliyan 400, daga baya ma ya rage adadin. Tsohon mataimakinsa John Perry ya ƙalubalance shi a 1895, bai sauka daga ra'ayinsa ba. Masana a yau sun tsaya a kan kimanin shekara biliyan 4.5. A siyasa kuwa, ya yi adawa da bai wa Ailan, ƙasar haihuwarsa, ikon gudanar da harkokinta, kuma wannan matsayi na cikin abin da ya kai shi Majalisar Dattawan Birtaniya a 1892, inda ya ɗauki sunan kogin Kelvin da ke wucewa kusa da jami'arsa. Ya rasu ranar 17 ga Disamba, 1907, aka binne shi a Westminster kusa da Isaac Newton.

A Kebbi, inda zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 40, ɓangaren sanyaya na aikinsa ne ya shafe mu. Sai dai ƙasarmu ba ta da sanyin ta Turai. Zafin ƙarƙashinta yana kusa da matsakaicin zafin shekara, wajen digiri 30. Duk da haka, zuba zafin ɗaki cikin ƙasa mai digiri 30 ya fi sauƙi da tura shi cikin iska mai digiri 42, wanda shi ne aikin da na'urar sanyaya ɗaki ta yau da kullum ke fama da shi. Cikas biyu ne: haƙa da binne bututu na da tsada, kuma injin ba ya motsi sai da lantarki tsayayye.

Saboda haka ba gidajen talakawa ne za su fara cin moriyarta ba. Wuraren da ya kamata a gwada su ne ɗakunan asibiti, ma'ajiyar magunguna, da rumbunan albasar Aliero, wadda manomi ke sayarwa da arha lokacin kaka don gudun ruɓa. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, akwai masu haƙa rijiyar burtsatse a ko'ina, kuma dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. Abin da ya rage shi ne a auna zafin ƙasar Jega, Aliero da Maiyama a zurfi daban-daban na tsawon shekara, a wallafa sakamakon, kafin a sa hannu a kowace kwangila. Matasan da ke bibiyar kasafin kuɗin jiha suna da haƙƙin tambayar nawa aka ware wa irin wannan bincike, da kuma wanda aka ɗora wa alhakinsa.