O. Henry: Marubucin da Ya Dawo Gida

Mai karatu, idan ka taɓa jin labarin matar da ta sayar da gashin kanta don ta yi wa mijinta kyauta, to ka riga ka san aikin O. Henry. Sunansa na yanka William Sydney Porter. An haife shi ranar 11 ga Satumba, 1862, a garin Greensboro na ƙasar Amurka. Yana ɗan shekara uku tarin fuka ya kashe mahaifiyarsa. Ya bar makaranta yana da shekara 15, ya koyi haɗa magunguna a shagon wani ɗan'uwan mahaifinsa.

A 1882 ya koma jihar Texas. Can ya auri Athol Estes a 1887, suka haifi 'ya mai suna Margaret. Ya samu aiki a wani banki a birnin Austin, amma daga baya aka zarge shi da cin kuɗin bankin. A 1896, kafin a fara shari'a, sai ya tsere zuwa Honduras, inda hannun hukumar Amurka ba ya kaiwa.

Yanzu ka lura da kyau. Yana can sai labari ya iske shi cewa Athol tana kwance, tarin fuka ya ci ƙarfinta. Ya san cewa idan ya koma, kotu tana jiransa. Duk da haka ya koma a farkon 1897, ya zauna da ita har ta rasu a watan Yuli. A 1898 aka yanke masa ɗaurin shekara biyar. A kurkukun Ohio ya riƙa ba marasa lafiya magani da dare, yana kuma rubuta gajerun labarai da sunan aro, don ya samu abin ciyar da 'yarsa. Bayan shekara uku aka sake shi saboda kyakkyawan hali.

Ya koma New York a 1902. A watan Disamba na 1905 wata jarida ta buga labarinsa mafi shahara, The Gift of the Magi. A cikinsa akwai Della da mijinta Jim, talakawa masu abin alfahari biyu kawai: dogon gashinta, da agogon zinariya da Jim ya gada. Ana gobe Kirsimeti, Della ba ta da ko dala biyu. Sai ta sayar da gashinta dala 20, ta sayo wa agogon sarƙa. Shi kuwa Jim ya riga ya sayar da agogon, ya sayo mata matazan ado da ta daɗe tana sha'awa. Ka ga ke nan, ga sarƙa babu agogo, ga matazai babu gashi. Babu wanda ya zargi ɗan'uwansa a cikinsu. Ba abin mamaki ba ne mutumin da ya bar 'yancinsa a Honduras ya iya rubuta irin wannan labari.

Shi kansa bai iya riƙe kuɗi ba, ga kuma yawan shan giya. Ciwon hanta da ciwon suga suka taru a kansa, ya rasu a New York ranar 5 ga Yuni, 1910, yana da shekara 47.