Sayyidina Umar ɗan Khaɗɗabi da Rabon Jarirai a Baitulmali

An haifi Umar ɗan Khaɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, a Makka, cikin Banu Adiyyi na Ƙuraishawa. Ya musulunta tun kafin Hijira, ya halarci Badar da Uhudu, sannan ya karɓi halifanci a shekara ta 13 bayan Hijira, da rasuwar Abubakar Siddiƙu.

A zamaninsa aka buɗe Sham da Iraƙi da Masar, dukiya ta riƙa kwararowa Madina, sai batun rabo ya taso. Abubakar ya kasance yana bai wa kowa daidai wa daida. Umar kuwa ya kafa diwani, wato littafin sunayen masu karɓar rabo duk shekara, ya fifita mutane gwargwadon rigayensu a Musulunci da kusancinsu da Manzon Allah (SAW). Mutanen Badar suna karɓar dirhami 5,000. Yaro kuma ba a rubuta shi sai an yaye shi.

Wannan sharaɗi ya zama cuta. Ibn Sa'ad ya ruwaito cewa wani dare Umar da Abdurrahman ɗan Aufu suna gadin ayarin fatake, sai Umar ya ji kukan jariri ya ƙi tsayawa. Ya je ga uwar ba sau ɗaya ba, har ya yi mata faɗa. Ita kuwa, ba ta san da wa take magana ba, ta gaya masa cewa yaye take yi wa ɗan da ƙarfi, kwanansa bai kai ba, domin halifa ba ya bai wa mai shan nono komai. Talauci ne ya sa ta hana ɗanta nono, amma dokar shugaba ce ta nuna mata hanya. Da asuba kuka ya rinjayi karatun Umar a salla. Da ya sallame bai nemi a hukunta matar ba, kansa ya tuhuma, ya sa aka yi shela cewa kowane jariri yana da rabo tun ranar haihuwa, aka aika da umarnin zuwa larduna. Rabon shi ne dirhami 100, kuma ko ɗan tsintuwa Baitulmali ke ciyar da shi.

A shekara ta 18, Shekarar Toka, da fari ya turo mutanen ƙauye Madina, ya haramta wa kansa nama da man shanu har launinsa ya sauya. Abu Lu'lu'a ya soke shi yana limancin asuba a ƙarshen shekara ta 23, aka binne shi kusa da Annabi (SAW) da Abubakar. An ruwaito cewa a ƙarshen rayuwarsa ya ƙudurta daidaita rabon mutane, ajali ya riga shi.